Dabbar ruwan 'yata ta kasa nutsewa, mahaifinta ya ce a zubar da ita

Assalamu alaikum Anti. Ni mazauniyar Jidda ce, a nan aka haife ni, a nan nake aure. Wata biyar da suka wuce 'yata mai shekara 11 ta haddace izu goma, mahaifinta ya saya mata wata 'yar dabbar ruwa da ta daɗe tana naci a kanta, wadda ake kira aksolotil. Ta sa mata suna Gimbiya. Mai shagon ya haɗa mana da akwatin gilashi, da tsakuwa mai launi-launi, da abinci mai tsayawa a saman ruwa. A watan Yuli muka je Madina kwana uku, muka kashe mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Da muka dawo ruwan ya yi ɗumi ya gurɓace, sai na wanke komai tas da ruwan famfo, har da soson filta, na'urar da ke tace ruwan akwatin. Yau kwana huɗu ke nan bayan Gimbiya yana tasowa sama, tana ta fafutukar komawa ƙasa ta kasa. Ba ta cin abinci, kuma kusan mako guda ban ga kashinta ba. Maƙwabciyata ta ce in zuba gishiri in matsa mata ciki, a intanet kuma na ga ana cewa a sa ta a firji. Yarinya ta daina cin abinci, tana cewa ita ta kashe ta. Maigida ya ce kifi ne kawai, a zubar a sayo wani. Anti, ya zan yi?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Allah Ya ba Gimbiya lafiya, Ya sanyaya zuciyar 'yarki, Ya kuma albarkaci haddarta.

Kafin ki ƙarasa karanta wannan amsa, akwai abin da nake so ki tashi ki yi. Nemi roba mai faɗi, sabuwa ko wadda sabulu bai taɓa shiga ba. Ki zuba ruwa mai sanyi wanda kika ɗiga wa maganin kashe kulorin, irin wanda ake sayarwa a shagon kifin ado. Kada ruwan ya yi zurfi: daidai yadda zai rufe gadon bayanta, ƙafafunta huɗu kuma su taɓa ƙasa. Ki ɗebo ta da kwano ko ƙaramar roba tare da ɗan ruwan da take ciki, kada ki kama ta da hannu, kada ki sa raga, domin fatarta laushi gare ta kuma guringuntsi ya yi yawa a jikinta. Ki rufe robar da murfi mai huji, don takan yi tsalle, ki lulluɓa tawul a kai, ki ajiye a ƙasan ɗakin da ya fi ko'ina sanyi a gidan. Abin da ya fi galabaitar da ita a yanzu shi ne wannan fafutuka ta dare da rana tana neman ƙasa. Da zarar ta ji ƙafarta ta taka wani abu za ki ga ta lafa.

Abu guda ki kiyaye wajen canjin nan: kada ki tsamo ta daga ruwa mai ɗumi ki jefa a mai sanyi ƙarara. Ki fara da ruwan da bai fi nata sanyi da digiri ɗaya ko biyu ba, sannan ki riƙa sauke shi kaɗan-kaɗan cikin awanni, har ya kai tsakanin digiri 16 da 18 a ma'aunin Salsiyos. Ma'aunin zafin ruwa ba shi da tsada, kuma daga yau ya zama dole a gidanki.

To, yanzu mu zauna mu duba me ya kawo haka, don ruwa ba ya tsami banza.

Maigidanki ya ce kifi ne. Ba kifi ba ce, kuma wannan bambanci yana da amfani ga jinyarta. Aksolotil dangin kwaɗo ce. Kin san talibambam, yadda yake rayuwa a ruwa kafin ya zama kwaɗo ya fito tudu? To ita wannan Allah Ya halicce ta tana girma, har ta haihu, ba tare da ta bar siffar ƙuruciyarta ba. Gezar nan uku-uku da ke gefen kanta kamar fure da ita take shaƙar iska a ruwa, tana kuma shaƙa ta fata, sannan tana da huhu, shi ya sa kike ganin takan taso lokaci-lokaci ta kurɓi iska ta koma. Yawancin kifaye suna da wata 'yar jakar iska a ciki da ke daidaita musu hawa da sauka a ruwa. Aksolotil ba ta da ita. Saboda haka duk maganin da mai shago zai miƙo miki ya ce na kifin da ya kasa nutsewa ne, ba nata ba ne. Idan ta taso ta kasa komawa, to iska ce ta taru inda bai kamata ba, galibi a hanji, ko kuma wata cuta ta kumbura ta.

A wasiƙarki na ga abubuwa uku da kowannensu kaɗai ya isa ya jawo wannan, ga shi kuma sun haɗu a kanta a mako guda.

Zafi ne babba, kuma a kansa zan fi daɗewa, don shi ne wanda ba zai tafi ba ko bayan ta warke. Asalin wannan dabba tafkin Soshimilko ne, a kudancin birnin Meziko, birnin da ke kan tudu mai tsayin kimanin mita 2,240 daga gaɓar teku, kusan tsayin garin Abha na kudancin Saudiyya. Ruwan can mai sanyi ne. Tun 1864 aka kai wasu birnin Paris aka fara hayayyafa su a hannun mutane, amma duk tsawon shekarun nan jikinsu bai canza ba: digiri 16 zuwa 18 suke so. In ruwa ya haura 20 sun fara takura, in ya kai 24 ya kwana biyu a haka, cuta ta samu ƙofa. Ke kuma kin san ɗakin Jidda a watan Yuli in an kashe mukayyif kwana uku. Kin kuma san ruwan da ke saukowa daga tankin saman gida da azahar, wanda ko alwala sai mutum ya jira ya huce. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa kamar mai sanyi, sai dabbar ta yawaita tasowa tana kurɓar iska a sama, wata ta shiga huhu, wata ta zarce ciki. Ga shi zafin yana rage mata ƙarfin yaƙi da ƙwayoyin cuta.

Sai wankin da kika yi. Na san da kyakkyawar niyya kika yi shi, kowace mace mai tsafta abin da za ta yi ke nan in ta ga ruwa ya gurɓace. Amma soson filta gida ne na wasu ƙwayoyin halitta masu amfani da ido ba ya gani. Kashi da ragowar abinci suna fitar da amoniya, guba ce mai ƙona geza da fata. Waɗannan ƙwayoyi su ke mayar da amoniya ta zama naitirait, ita ma guba, wasu kuma su mayar da naitirait ta zama naitiret, wadda ba ta da illa sosai sai in ta taru. Kulorin ɗin ruwan famfo yana kashe su. Da kika wanke soson, ruwa ya yi garau a ido, amma babu mai kwashe gubar. Amoniya kuma ta fi cutarwa a ruwa mai ɗumi.

Na uku tsakuwar nan mai launi. Raina yana ɓaci duk lokacin da na ji an haɗa wa mutum ita da aksolotil. Dabbar nan ba ta tauna, zuƙa take yi: ta buɗe baki farat ɗaya, duk abin da ke gabanta ya afka ciki, abinci da ruwa da tsakuwa. Ƙanana sukan fita da kashi, manya su tsaya su toshe hanji, iska ta taru a bayansu. Yadda kika ce bayanta ne ke tasowa kanta na ƙasa, kuma mako guda babu kashi, wannan hanya zuciyata ta fi karkata. Abinci mai tsayawa a saman ruwa ya ƙara wa abin: duk loma sai ta haɗiya da iska.

Na taɓa zama da wata 'yar uwa a nan Jidda da tata ta yi irin wannan. Kwana biyar tana cikin roba a ƙarƙashin gado. Ranar na shida da asuba ta kira ni, na je na tarar ta tsugunna da tocilan a hannu. A ƙasan robar ga wani baƙin kashi kamar ƙwallon dabino, da ta murje shi da cokalin roba sai ga tsakuwa uku, biyu shuɗi ɗaya ja, kowace ba ta kai ƙwayar wake ba. Dabbar kuwa tana kwance a ƙasan ruwa, wutsiya a miƙe, gezarta na kaɗawa a hankali. Ba kullum ake dacewa haka ba, amma sau da yawa sanyi da ruwa mai tsafta da haƙuri su ke yin aikin.

Jinyar roba ba wuya gare ta, naci take so. Kowace rana ki canza ruwan gaba ɗaya, don babu filta a ciki. Ya fi sauƙi ki samu roba biyu: ki shirya ta biyu tun dare a ɗaki guda don sanyinsu ya zo ɗaya, da safe ki mayar da ita can, ki duba ta farko da kyau kafin ki zubar. In kin ga kashi da rana, canza nan take. Kada ki ba ta abinci kwana uku, ko har sai ta yi kashi. Kada tausayi ya sa ki karya wannan, dabba ce mai sanyin jini, wadda ta kai girmanta tana iya yin mako guda ba ci ba tare da ta cutu ba. Bayan nan ki gwada ta da ɗan guntun tana, ki miƙa mata da hantsaki a ƙasan ruwa daidai bakinta. Tana ita ce abincinta mafi kyau, in dai daga ƙasar da ba a fesa wa magani ba ta fito. In ba ki samu ba, ki nemi abincin kifaye masu cin nama, irin mai nutsewa. Abin da ba ta ci ba cikin minti goma ki kwashe.

Game da ruwan kansa akwai abin da ya shafe mu mazauna nan. Ruwan Jidda na teku ne da aka cire wa gishiri, akasarinsa daga matatar Shu'aiba, kuma ruwan galan da muke saya na sha an ƙara tace shi, ma'adinansa kaɗan ne. Aksolotil ta fi jin daɗin ruwa mai ɗan nauyin ma'adinai. Kada ki ɗauka ruwan da ya fi tsada shi ya fi mata. Ruwan famfo da aka kashe wa kulorin aka bar shi ya huce ya fi wanda aka tace ƙarƙaf. In kin je sayen maganin kulorin, ki karanta jikin kwalbar, ki guji mai ɗauke da alobera, ba ya yi wa fatarta daɗi.

Maganar maƙwabciyarki kuwa, ki yi mata godiya ki bar ta a nan. Matsa ciki na iya fasa hanji in akwai tsakuwa, garin neman gira a rasa ido. Wankan gishiri wasu masu kiwo suna yin sa na 'yan mintoci in farar fumfuna mai kama da auduga ta fito a geza, amma ba ya fitar da iska, ba ya fitar da dutse, sai dai ya ƙona fatar da amoniya ta riga ta taɓa. Haka nan magungunan kifi, musamman masu sinadarin jan ƙarfe: fatar dangin kwaɗo tana tsotse duk abin da ke cikin ruwa, abin da kifi zai jure ita yana iya kashe ta.

Batun firji ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Masu kiwo sun daɗe suna sa marar lafiya a sanyin digiri 5 zuwa 8 na wasu kwanaki, wasu na ganin yana taimaka mata ta fitar da abin da ke cikinta, wasu na ganin wahalarsa ta fi amfaninsa. A ganina ba da shi ake farawa ba. Firjin gida yakan sauka ƙasa da haka, kusa da bangon baya ma abu yakan daskare, ga yara suna buɗewa suna rufewa. Dabbar da ta fito daga ruwa mai zafi kwanan nan, ki kai ta digiri 17 tukuna ki ga yadda za ta yi. Firji sai in likita ya ce, kuma sai kin kwana da ma'auni a cikinsa kin san ainihin sanyin wurin.

Akwai alamun da in kin gan su ba a jira. In ta kife a gefe guda ko ta juya ciki sama ta kasa daidaita, in jikinta duka ya kumbura har wuya da ƙafafu, in fatarta ta yi jajaja, in wani abu ya leƙo ta mafitar kashi, ko kuma ta cika mako guda a roba babu kashi babu sauƙi, to sai likitan dabbobi. Ki buga waya tukuna ki tambaya ko suna duba dangin kwaɗo da ƙadangare, don yawancinsu sun fi sabawa da kyanwa da tsuntsaye. Hoton ciki yana nuna tsakuwa sarai, kuma in ƙwayar cuta ce likita ne zai san maganin da ya dace da adadinsa. Ki ɗauke ta a roba mai murfi, ki sa robar a cikin kula mai riƙe sanyi, da gorar ruwan sanyi a gefe, mota kuma a sanyaya ta kafin a fito da ita.

Yayin da take jinya, ki gyara gidanta. Tsakuwa ta fita duka, ko ɗaya kada ta rage. Ki bar ƙasan gilashin haka nan, ko ki zuba yashi mai laushi ƙwarai, ko duwatsun da suka fi kanta girma. Ki sayi kayan gwajin ruwa na ɗigo. Ba za ta koma ba sai amoniya ta nuna sifili, naitirait sifili, naitiret kuma ta tsaya wajen 20 ko ƙasa. Kafin ƙwayoyin filta su dawo akan ɗauki mako huɗu zuwa takwas, filta na aiki ba tsayawa, kina jefa ɗan abinci a ruwan don su samu abin ci. Nan gaba kashi ɗaya cikin biyar na ruwan za ki riƙa canzawa duk mako, soso kuma a cikin tsohon ruwan da kika ɗebo za ki ɗauraye shi. Ki sa mata wurin ɓuya, ki rage haske, ba ta da fatar ido da za ta rufe.

Yanzu maganar da ta fi nauyi, wadda ku biyu za ku zauna a kanta, ke da maigida. Aksolotil takan yi shekara 10 zuwa 15 in ta samu kulawa, Jidda kuwa ko a watan Janairu ba ta ba da sanyin da take buƙata. Fanka ƙarama mai busa saman ruwa tana sauke digiri biyu ko uku a ɗaki mai mukayyif, inda iska ta bushe, amma a cikin laimar garin nan ba ta yin kataɓus ita kaɗai. Gorar ƙanƙara ta gaggawa ce, sanyi ya sauka ya hau, wannan hawa da sauka kuma yana wahalar da ita. Abin da ke riƙe ruwa a digiri guda dare da rana shi ne injin sanyaya ruwan akwati, kuma kuɗinsa yakan ninka na dabbar. Ko dai a saye shi, ko a yarda mukayyif ɗin ɗaki guda ba zai mutu ba ko kuna Madina ko kuna Kano, a kuma ɗauki kuɗin wutar. In duka biyun sun fi ƙarfinku, babu abin kunya. Ku yi jinyarta ta miƙe, ku nemi mai kiwon da ke da injin ku ba shi. Abin da ban yarda da shi ba shi ne zubarwa. A magudana ko a teku mutuwar azaba za ta yi, dabbar ruwan daɗi ce.

Kada ki yi wa maigida wannan magana a gaban yarinya, kuma kada ki fara da laifin wanda ya kashe mukayyif. Mutumin da ya je ya sayo wa 'yarsa kyautar hadda ba marar tausayi ba ne, bai san abin da aka sayar masa ba ne. Ki tsoma ma'auni a ruwan akwatin ki nuna masa lambar, ki faɗa masa lambar da ake so. Sannan ki tuna masa abin da ya riga ya sani. Kiwon dabba don sha'awa ba laifi ba ne, ƙanin Anas ɗan Malik, Abu Umair, yana da ɗan tsuntsu a Madina, kuma da tsuntsun ya mutu Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kansa ya tambayi yaron labarinsa. Amma mun kuma san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ciyar da ita ba, ba ta sake ta ba. Gimbiya ba za ta iya fita ta nemi ruwan sanyi da kanta ba. A tafkinsu na asali ma sun kusa ƙarewa: ƙidayar 1998 ta samu kimanin 6,000 a kowace murabba'in kilomita, ta 2014 ta samu 36.

Ita kuwa 'yarki, ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya. Ba ita ta zaɓi tsakuwar ba, ba ita ta kashe mukayyif ba, ku manya ma ba wanda ya gaya muku. Kada ki yi mata alkawarin cewa Gimbiya za ta rayu, wannan ba a hannunki yake ba, kuma yaro ba ya manta alkawarin da aka saɓa masa. Ki ce mata za ku yi duk abin da ya kamata, ku roƙi Allah. Sannan ki ba ta aiki, don zaman kallo shi ke ƙara mata kuka. Ki ba ta ɗan littafi ta riƙa rubuta sanyin ruwa safe da yamma, da ko an ga kashi, da yadda gezar take: in ta lanƙwaso gaba kamar ƙugiya, ko ƙarshen wutsiya ya naɗe, Gimbiya tana cikin takura, in ta kwanta baya ta baje, ta samu sauƙi. Ki ce mata mai jinya sai ya ci ya ƙoshi, don haka littafin ba ya buɗuwa sai an gama karin kumallo. Ta wanke hannu da sabulu bayan ta taɓa ruwan, kafin ta taɓa kuwa ta ɗauraye da ruwa zalla, robobin kuma kada su koma kicin.

Nan da kwana uku ki ƙara zurfin ruwan robar kaɗan ki gani. In ta zauna a ƙasa da kanta, ta taso ta kurɓi iska ta koma ba tare da bayanta ya ja ta sama ba, an fara samun kanta. Ki rubuto min abin da ma'auni ya nuna a akwatin yau, da sakamakon gwajin amoniya, da tsakuwa nawa kuka tsinta a robar.